Yadda Ake Zaɓen Libar Giya Mai Gajeren Zango

Ranar da na fara tuƙa motar da aka sanya wa liba mai gajeren zango, wato wadda aka rage tazarar da hannu ke tafiya wajen canja giya, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne gwiwar hannuna ko motsi ba ta yi ba. Daga lamba biyu zuwa uku wuyan hannu kaɗai ya yi aikin, sai na ji ƙas, giya ta zauna daram. Bayan 'yan makonni na tuƙa wata, irinta sak, ita ma an canja mata liba, amma ita kam sai ka ce ana tura ƙofar da ta kumbura. Da sanyin safiya lamba biyu ba ta shiga sai da kokawa, ga wani zuu da ke tasowa ta cikin sandar har tafin hannu da zarar inji ya ɗauki gudu. Mota iri ɗaya, gyara mai suna ɗaya, amma ɗaya ta ƙara daɗin tuƙi, ɗaya ta ɓata shi. Bambancin duk daga wurin zaɓe ya taso.

Kafin a kai ga zaɓen, sai an fahimci abin da ake saye.

Libar giya ba ta da bambanci da sandar da ake ɗaga dutse da ita. Akwai wurin da hannu ke riƙewa, akwai mazaunin da take juyawa a kai, wanda a yawancin motoci ƙwallon ƙarfe ne ko na roba mai tauri, sannan akwai guntun da ke ƙasan ƙwallon, shi ne mai tura kayan cikin giyabos. Liba mai gajeren zango dabararta ɗaya ce: a ƙara tsawon guntun ƙasa, ko a ɗaga mazaunin sama, yadda ɗan motsi kaɗan a sama zai haifar da cikakken motsi a ƙasa. Ɗauki misali, daga ƙwallo zuwa kan liba milimita 200, daga ƙwallo zuwa ƙasa milimita 40. Idan giyabos na buƙatar a tura shi milimita 10, hannunka zai yi tafiyar milimita 50. Ka mayar da guntun ƙasan milimita 55, sai tafiyar hannun ta dawo kusan milimita 36. An rage zango da kusan kashi 27 cikin ɗari ke nan.

Sai dai abin da aka samu a tazara, da ƙarfi ake biyansa, kuma wannan ba ya cikin abin da masu talla ke son rubutawa da manyan baƙaƙe. A wannan misalin ƙarfin da hannu zai sa ya ƙaru da kusan kashi 37. Idan an rage zango da kashi 30, ƙarfin zai hau da kusan kashi 43. Kashi 40 ya kai shi kusan kashi 67. Rabin zango kuwa ninki biyu na ƙarfi ne cur. Lissafi ne, babu kamfanin da ya isa ya kauce masa. Ka riƙe wannan, domin duk sauran matakan a kansa suka doru.

Mataki na farko: gano ainihin abin da ke damunka

A nan mutane da yawa ke yin asarar kuɗinsu. Mutum ya ji libarsa tana lilo, tana yawo kamar muciya a cikin ruwa, sai ya yanke cewa zango ne ya yi tsawo. Alhali sau da yawa ba zangon ba ne, wasa ne ya yi yawa.

Ga gwaji mai sauƙi. Kashe inji, taka kuloci, sa lamba uku, sannan ka kaɗa libar hagu da dama da yatsu biyu. Liba mai lafiya ɗan motsi kaɗan za ta yi ta tsaya. Idan kuwa tana tafiya gefe da gefe kusan kamar tana firi, to bushin ne suka ci, wato ƙananan robobin da ke mahaɗar sanduna, ko ƙoƙon da ƙwallon ke zaune a ciki, ko robobin bakin kebur. Roba tana tsufa, zafi da mai suna narkar da ita. Motar da ta haura shekara goma da bushin ɗinta na asali da wuya ba ta da wannan matsalar. Ka canja su tukuna, ka tuƙa mako guda. Na sha ganin wanda bayan wannan ƙaramin gyaran ya fasa sayen sabuwar liba gaba ɗaya, domin abin da yake nema ya riga ya samu.

Akwai kuma matsalolin da gajeren zango ba ya magancewa, sai ma ya tona su. Idan giya tana gurzawa, tana ƙarar ƙurrr lokacin shiga, musamman lamba biyu ko uku, to zoben daidaita gudu ne, wanda makanikai ke kira sinkiro, ya fara gajiya. Idan lamba ɗaya da ribas suna wuyar shiga a tsaye alhali ka take kuloci har ƙasa, to kulocin ne ba ya saki sosai, wataƙila iska ta shiga man sa ko famfonsa ya raunana. Idan libar tana tsalle gaba da baya duk lokacin da ka taka totur ko ka ɗaga ƙafa, robobin da inji da giyabos ke zaune a kai sun mutu. Man giya ma ka duba shi. Tsohon mai, ko wanda ba shi littafin motar ya ce a zuba ba, yana sa giya tauri. Giyabos da yawa masu zoben tagulla man GL-4 suke so, wani kuma ya zuba musu GL-5 don ya ga lambarsa ta fi girma. Duk wanda ya ɗora liba mai buƙatar ƙarin ƙarfi a kan ɗaya daga cikin waɗannan, ya ƙara wa ciwo gishiri.

Wani abu kuma da nake so ya zauna maka tun yanzu: liba ba ta ƙara wa giyabos sauri. Zoben daidaita gudu yana da lokacin da yake ɗauka kafin ya daidaita juyin haƙora biyu, kuma wannan lokacin bai san ka canja liba ba. Hannunka zai iso bakin giya da wuri, amma dole ya ɗan jira a buɗe masa. Mai danna ta da ƙarfi don ya ga zango ya gajarta, zoben yake cinyewa. Abin da ake samu na gaskiya shi ne tsabtar motsi, da sanin inda kowace lamba take ba tare da lalube ba. Wannan kuma ba ƙaramin abu ba ne ga mai son tuƙi.

Mataki na biyu: san yadda libarka ta haɗu da giyabos

Iri uku ne, kuma kowanne da kayan da suka dace da shi.

Na farko, liba ta sauka kai tsaye cikin giyabos. Ana samun haka a motocin da ke ja da tayoyin baya waɗanda giyabos ɗinsu ke kwance daidai ƙarƙashin hannun direba, irin su Mazda MX-5 da Honda S2000, da tsofaffin Ford Mustang masu giyabos T-5. A nan babu sanduna da yawa a tsakani, a MX-5 da S2000 kuma tun daga kamfani zangonsu ba shi da tsawo. Canjin ya fi sauƙi, daga cikin mota ake yinsa, amma kuma duk wata ƙara da girgizar giyabos hanya ɗaya gare ta zuwa hannunka. Ga mai MX-5 ko S2000, ni shawarata ita ce ya sabunta ƙoƙon ƙasan liba da robobin rufi da giris kafin ya yi tunanin wani abu, domin masu ƙera waɗannan motocin sun riga sun yi aikin.

Na biyu, haɗin sanda. Liba tana zaune a kan wani hannu, sandar ƙarfe kuma ta tashi daga ƙasanta zuwa giyabos. Haka BMW E36 da E46 suke, haka Honda Civic na shekarun 1990, haka Subaru STI. A nan ne gajeren zango ya fi nuna kansa, amma a nan ne kuma ake samun matsalar wuri. Tunda guntun ƙasa ya ƙara tsawo, yana iya sauka ya taɓa farfela, wato sandar da ke kai juyi ga tayoyin baya, ko garkuwar zafi, ko bututun salansa. Kayan kirki suna zuwa da abin ɗaga mazaunin sama, ko lanƙwasasshiyar sanda, don kauce wa hakan. Idan mai sayarwa bai ce komai a kan wannan ba, ka tambaye shi kafin ka biya.

Na uku, haɗin kebur, wanda shi ne a yawancin motocin da ke ja da tayoyin gaba, kamar Volkswagen Golf daga ƙarni na huɗu, da Ford Focus, da Civic na baya-bayan nan, har da Subaru WRX daga 2015. Kebur biyu ne: ɗaya na gaba da baya, ɗaya na hagu da dama. A irin wannan kana da zaɓi biyu. Ko dai ka canja ɗan farantin da ke kan giyabos a ƙarƙashin bonet, wanda ke matso da bakin kebur kusa da tsakiyar juyawa, ko ka canja dukkan akwatin libar da ke cikin mota. Farantin ya fi sauƙin ɗaurawa, libarka ta asali tana nan da robobinta masu shanye ƙara, kuma cikin mota ba abin da zai sauya. Cikakken akwatin na alminiyum ya fi ba da tsabtar motsi, domin akwatin asali na roba ne mai ɗan lanƙwasawa idan an matsa masa. Ga motar zirga-zirgar yau da kullum, farantin tare da sababbin bushin na bakin kebur ya wadatar. Abin da ba na so shi ne a haɗa biyun ba tare da lissafi ba, farantin kashi 30 da akwatin kashi 30, domin a tare sun kai ka kusan rabin zango, ƙarfi kuma ya ninka.

Sunan mota da shekararta ba su isa ba. Mota ɗaya a shekara ɗaya tana iya fitowa da giyabos iri biyu, mai lamba biyar da mai shida, ko ta sauya giyabos a tsakiyar shekara. Nemi lambar giyabos ɗin, tana jikinsa ko a takardar bayanan motar. Ka kuma tabbatar kayan na mai sitiyari a hagu ne ko a dama, domin wasu libobin an karkatar da su wajen direba.

Mataki na uku: kashi nawa za a rage

Yawancin abin da ke kasuwa tsakanin kashi 20 ne zuwa 40. Ido yakan tafi wurin babbar lamba, kamar dai wadda ta fi ragewa ita ta fi kyau. Ba haka ba ne.

Ka tuna yadda kake amfani da motar. Wanda ke shiga cunkoso safe da yamma yana iya canja giya sau ɗaruruwa a rana, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Ƙarin ƙarfin da ba ka ji ba a minti biyar na gwaji, wuyan hannunka zai ji shi bayan awa guda. Ka tuna da sanyi kuma: kafin man giya ya ɗumama yana da kauri, kowace giyabos ta fi tauri a mintunan farko, liba mai gajeren zango kuma ƙara wannan taurin take yi. Ga motar yau da kullum ni ban wuce kashi 20 zuwa 30. Za ka ji bambancin sarai, motar kuma ba ta zama abokiyar faɗa ba. Kashi 35 zuwa 40 na wanda ke kai motarsa filin tsere ne, ko mai fita da ita ran hutu kawai, wanda ya san abin da ya saya kuma ya yarda da shi.

Akwai libobin da ake iya daidaitawa, masu ramuka biyu ko uku, ko zaren da ake murzawa a ɗaga ƙwallo ko a sauke shi. Idan ba ka taɓa amfani da gajeren zango ba, irin wannan ce ta fi maka. Ka fara da mafi sauƙi, in ya so daga baya ka ƙara. Sharaɗi ɗaya: abin ɗaurinta ya zama mai kulle sosai, domin duk abin da ake iya kwancewa da gangan yana iya kwance kansa da girgiza.

Ka kuma lura da yadda aka auna kashin. Wani ya rage tsawon sandar sama ne kawai ya ce ya rage zango. Gaskiya ne zangon ya ragu, amma kan libar ya yi ƙasa, ya yi nisa da sitiyari, abin da ka rage a motsin giya ka ƙara shi a miƙa hannu. Shi ya sa motocin tsere libarsu doguwa ce, tana tsaye kusa da sitiyari, gajartar zangon kuma daga mazaunin juyawa ta fito. Zauna a kujerarka yadda ka saba, sauke hannu daga sitiyari ba tare da ka ɗaga kafaɗa daga jingina ba. Inda tafinka ya faɗa, nan ya kamata kan libar ya kasance. Ka auna tsayin libarka ta yanzu ka kwatanta da wadda za ka saya.

Mataki na huɗu: zangon gefe, wanda ake mantawa da shi

Wannan ya fi kowanne muhimmanci wajen lafiyar inji, shi ya sa zan ɗan daɗe a kansa.

Zango biyu ne a liba. Akwai na gaba da baya, kamar daga uku zuwa huɗu. Akwai na gefe, tazarar da ke tsakanin layin ɗaya da biyu, layin uku da huɗu, da layin biyar da shida. Wasu libobin na gaba da baya kawai suke ragewa, wasu kuma har da na gefe. Idan layukan suka matsu da juna sosai, kuskuren lamba ya zo kusa. Ka ɗauka kana cikin gudu a lamba uku, inji ya kai ƙarshen juyinsa, ka ja liba kana nufin huɗu, hannu ya ɗan karkato ta faɗa biyu, ka saki kuloci. Tayoyi ne yanzu ke juya injin, su tilasta masa juyin da ya wuce ƙarfinsa. Na'urar da ke hana inji wuce iyaka mai take yankewa, ba ta da iko a kan abin da tayoyi suka tura. Cikin ƙiftawar ido bawul ya haɗu da fistin. Haka yake daga biyar zuwa biyu ga mai neman huɗu.

Abin da ke tsare ka daga wannan shi ne sifirin mai mayar da liba tsakiya, wato layin uku da huɗu. Liba ta gari idan ka sake ta a firi, da kanta za ta koma tsakiya da ƙarfi, ba tare da jinkiri ba. Daga biyu zuwa uku turawa gaba kawai za ka yi da buɗaɗɗen tafi, sifirin ya kai ta layinta. Saboda haka idan kayan da kake dubawa suna rage zangon gefe, ka tabbatar sun zo da sifirin mai ƙarfi, ko wanda ake iya ƙara wa ƙarfi. A giyabos mai lamba shida, inda layukan dama a matse suke, ni na fi son a bar zangon gefe yadda kamfani ya yi shi.

Wasu libobin kai tsaye suna da kusoshin tsayarwa gaba da baya, don kada hannu mai ƙarfi ya wuce da liba ya lanƙwasa cokulan da ke tura giya a cikin giyabos. Suna da amfani a giyabos da ba shi da nasa birkin a ciki. Amma idan aka ɗaure su da matsi, giya ba za ta shiga har ƙarshe ba, sai ta riƙa fita da kanta tana cin haƙora. Wasu giyabos kuma suna da nasu a ciki, ba sa buƙatar na waje. Takardar umarnin kayan ita ce alƙali a nan.

Mataki na biyar: ƙara da girgiza

Ka ciro libar asali ka duba ta da kyau, a motoci da yawa za ka ga gida biyu ce, ƙarfe a cikin ƙarfe, da roba a tsakani. Robar nan ba ado ba ce. Ita ke shanye kukan haƙoran giyabos da girgizar inji kafin su iso hannunka. Libobin kasuwa da yawa ƙarfe ɗaya ne daga sama har ƙasa, shi ya sa suke ba da wannan motsin mai tsabta, shi ya sa kuma suke shigo da ƙara cikin mota. Wani yana jin daɗin wannan sautin, wani kuma a doguwar tafiya sai ya sa masa ciwon kai. Ka san ko kai wane ne. Idan motar iyali ce, nemi mai gida biyu da roba a tsakani.

Bushin ma hawa-hawa ne. Roba ta fi shiru amma ta fi wasa. Foliyuretan, wata roba mai ɗan tauri, tsaka-tsaki ne. Delrin, wata roba ce mai tauri da santsi, kusan babu wasa kuma ba ta cika ƙara ba, ita na fi so ga mota ta yau da kullum. Tagulla, alminiyum da boris su ne ƙarshen tauri, kowane motsi za ka ji shi, kowace ƙara ma haka. Boris ɗin da ke ƙarƙashin mota kuma ya zama rufaffe, in ba haka ba ruwa da ƙura za su cinye shi.

Akwai wani nau'in da ake ɗaurewa a jikin gangar motar maimakon a kan giyabos, dogo, kyakkyawa, irin na tsere. Kafin ya burge ka, ka sani cewa inji da giyabos suna motsi a kan robobinsu, gangar mota kuwa ba ta bin su. Idan robobin masu laushi ne, giyabos zai matsa ya bar liba a inda take, lamba ta ɓace maka a tsakiyar kwana ko giya ta fita da kanta. Mai sayen irin wannan dole ya sa robobi masu tauri, su kuma su shigo da girgiza cikin motar gaba ɗaya. Ba kayan motar zuwa aiki ba ne.

Mataki na shida: ribas, kan liba da riga

Duba yadda motarka ke kulle ribas. Wata zobe ake ɗagawa a ƙasan kan liba, wata danna libar ake yi ƙasa, wata sifirin mai ƙarfi kawai ake rinjaya. Duk libar da za ta cire wannan kullen ba tare da ta kawo madadinsa ba, ka bar ta, musamman inda ribas ke maƙwabtaka da lamba ɗaya ko ta shida.

Zaren kan liba ba iri ɗaya ba ne. Yawancin Honda M10x1.5 ne, Mazda da Nissan da Mitsubishi da yawa M10x1.25, Toyota da Subaru da yawa M12x1.25. BMW kuwa ba zare, dannawa ake yi. Ka tabbatar kan libarka na asali zai hau, ko ka san da wanda za ka maye shi. Kai mai nauyi yana taimakawa, domin nauyinsa na ɗaukar libar ya ƙarasa da ita cikin giya, ya rage jin tsauri. Na ƙarfe zalla kuwa yana ƙuna idan mota ta sha rana, yana kuma ɗaukar sanyi. Sai rigar fata da robar rufin ƙasa: su zauna yadda suke, domin ta wannan ramin zafi da hayaƙi da ƙara ke shigowa.

Mataki na bakwai: wurin wa za a saya

Fara da tambayar ko kamfanin motar da kansa yana da nasa. Subaru tana sayar da liba mai gajeren zango da sunan STI, Ford ma tana da nata na Mustang, masu BMW kuma sun daɗe suna ɗauko libar Z3 ko Z4 su sa a E36 da E46. Irin waɗannan ragewarsu matsakaiciya ce, suna riƙe da robar shanye ƙara, kuma dacewarsu ba ta da gardama. Ga mutane da yawa nan ne amsar take.

A cikin masu ƙera kayan kasuwa akwai tsofaffin hannu irin su Hurst da B&M na Amurka, akwai kuma waɗanda suka ƙware a kan mota iri ɗaya, kamar Kartboy a Subaru, MGW a Mustang da Corvette, Acuity a Honda, Dieselgeek a Volkswagen. Na fi natsuwa da wanda ya daɗe a kan irin motarka fiye da mai yi wa kowa. Alamomin kayan kirki a bayyane suke: an faɗi lambar giyabos da suka dace da shi, an faɗi kashin da suke ragewa gaba da baya da kuma gefe, akwai takardar ɗaurawa mai hotuna da ƙarfin ɗaure kowace kusa, ana kuma sayar da bushin ɗinsu daban idan sun ci. Kwaikwayon da ba suna kuwa, araha ba ta ado. Ƙwallon da ya gaza girman ƙoƙonsa da ɗan kaɗan ya dawo maka da wasan da ka gudu, walda marar kyau kuma tana iya karyewa liba ta zo a hannunka a tsakiyar titi.

Idan da hali, ka tuƙa motar wani mai irin kayan kafin ka saya, gani ya kori ji. Ka nemi jin bakin waɗanda suka shekara da su, ba waɗanda suka ɗaura jiya ba, ka tambaye su lamba biyu da safe, da ƙara a doguwar hanya. Motar da ke ƙarƙashin garanti kuma, a karanta sharuɗɗansa tukuna.

Mataki na takwas: ɗaurawa da gwaji

Na kai tsaye da farantin kebur, mai ɗan sabo da sufana zai iya yi da kansa. Na haɗin sanda sai an shiga ƙarƙashin mota, wani lokaci a sauke garkuwar zafi ko salansa. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, a sa mata matokarai, a bar salansa ya huce. Ɗauki hoton kowane abu kafin ka kwance shi, musamman inda lanƙwasar liba ke fuskanta da yadda ƙananan makullai suka zauna. Sa giris a ƙwallo da mahaɗai, irin wanda ba ya cin roba. A motar kebur, bayan ɗaurawa sai an sake daidaita kebur ɗin bisa ƙa'idar motar, tsallake wannan shi ke sa a ga ɗaya da biyu suna shiga lafiya, biyar kuma ta ƙi.

Kafin ka mayar da murfi da riga, gwada. Inji a kashe, kuloci a ƙasa, bi kowace lamba har ribas. Kowacce ta shiga har ƙarshe, kada libar ta bugi bakin rami ko wani ƙarfe. Sake ta a firi daga hagu, sake ta daga dama, ta koma tsakiya da kanta. Leƙa ƙasa ka ga akwai tazara tsakaninta da farfela a lambobin gaba da na baya duka. Sannan ka tayar da inji ka maimaita a tsaye. A kan hanya, a kowace lamba ka taka totur ka ɗaga ƙafa farat ɗaya, idan giya ta fita da kanta, akwai abin da bai zauna ba, ka koma ka duba kusoshin tsayarwa ko daidaiton kebur.

Kwanakin farko za ta yi ɗan tauri kafin bushin su zauna, hannunka ma yana buƙatar lokaci ya manta tsohon zango, don haka kada ka yi gudun da zai sa kuskuren lamba ya yi tsada. Bayan mako guda ka sake bin kusoshin da sufana. Tsohuwar libar kuma ka goge ta, ka haɗa ta da bushin da makullanta a jaka ɗaya, ka rubuta sunan motar a jiki ka adana, domin ranar sayar da motar mai saye na iya neman ta yadda ta fito daga kamfani.